Na gama yawon ƙasashe da jakar goyo, amma zaman Legas ya gagare ni

"Assalamu alaikum Baba. Ni haifaffen Zangon Kumasi ne, shekarata 27. Bara na tara 'yan kuɗina, na saɓa jakar goyo na shiga duniya: Abijan, Konakiri, Dakar, Banjul, sannan na juyo ta Lome da Kwatano. Wata takwas ina kan hanya, ba ƙasar da na ji ta fi ƙarfina. Yau mako bakwai ke nan da na shigo Legas ta bodar Seme. Ɗan kawuna ya ba ni wurin kwana a Agege, ya kuma sa ni a shagonsa na kayan waya a Ikeja. Amma Baba, na kasa sakewa. Barci ba ya zuwa, abu kaɗan sai raina ya ɓaci, kayana har yau suna cikin jaka. Kullum sai na duba kuɗin mota zuwa Duwala ta Kamaru. Ga Hausawa ko'ina, amma ji nake ba na cikinsu. Laifin garin ne ko nawa? In haƙura, ko in ƙara gaba?"

Wa alaikumus salam ɗana, sannu da hanya, Allah Ya sa ka shigo a sa'a. In na fahimce ka, abin da ya ɗaure maka kai shi ne: mutumin da ya ratsa ƙasashe shida, ya kwana a tasha, ya ci abincin da bai san sunansa ba, ya yi ciniki da nuni a inda ba ya jin Faransanci balle yaren gari, yaya za a ce garin da ake jin harshensa, ga ɗan'uwa ga aikin yi, shi ne zai kai shi ƙasa? Kana ganin wanda ya iya mai wuya ai ya iya mai sauƙi.

Na yi fataucin goro da atamfa a wannan hanya ta bakin teku kafin in zauna Agege, kuma tun da na zauna, zaurena bai rabu da baƙi ba: 'yan Gana, 'yan Nijar, 'yan Kamaru, da yaranmu na Arewa. Abin da na gani a kansu shi zan gaya maka. Tafiya sana'a ce, zama ma sana'a ce, kuma ƙwarewa a ɗaya ba ta ba mutum ɗayar. Sau da yawa ma wanda ya fi iya hanya shi ya fi shan wuyar zama, domin hanya ta koya masa magani guda na kowace damuwa, wato ɗaure kaya.

Abin da wata takwas suka yi maka

Ka tuna yadda kake yi a hanya. Masauki ya yi ƙazanta, ka ce ai kwana biyu ne. Wani ya yi maka rashin mutunci a Konakiri, ka san jibi ba za ka sake ganinsa ba. Gari ya gundure ka, ka nufi tasha. Ba ka taɓa zama da ɓacin rai har ya kwana ya yini ya sake kwana ba, saboda ƙafarka na rigan shi tashi. Sannan duk inda ka sauka baƙo ne kai, baƙo kuwa yana da gata: a shimfiɗa masa tabarma, a tambaye shi labarin inda ya fito, a yafe masa kuskure. Amma Manzon Allah (SAW) ya ce liyafa kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne. Kai kwana ukunka na Ikko, wato Legas, sun daɗe da ƙarewa. Yanzu yaron shago ne kai, mai kwana a ɗakin wani, wanda za a tambaya in caja ɗaya ta ɓace. Babu mai zama ya saurari labarin Dakar da ƙarfe bakwai na safe ana jera kaya. Wannan saukowa daga matsayin baƙo zuwa na ɗan gida tana da ciwo, kuma da yawa ba sa gane ita ce ke cin su, sai su ɗora wa garin.

Akwai wata mas'ala a fiƙihunmu na Malikiyya da nake yawan tuna wa masu irin halinka. Matafiyi yana ƙasaru. In ya isa gari ya yi niyyar zaman kwana huɗu, ƙasaru ta yanke, ya cika salla. In kuwa bai yi niyyar zama ba, kullum yana cewa yau zan tashi gobe zan tashi, to yana nan matafiyi komai daɗewarsa. Ka ga ba yawan kwanakin ne ke mai da mutum mazauni ba, niyyar ce. Na tabbata sallarka kana cika ta, amma zuciyarka har yau ƙasaru take yi. Jakar da ba ka kwance ba da kuɗin motar Duwala da kake dubawa kullum su ne shaida. Mako bakwai ka yi a Legas, amma ba ka yi mata zaman kwana huɗu da niyya ba, don haka ba ka ma gwada ta ba tukuna balle ka ce ta gagare ka.

Sai batun jiki, wanda matasa ke rainawa. Ya zo a Buhari da Muslim cewa tafiya yanki ce ta azaba, tana hana mutum abincinsa da abin shansa da barcinsa. Wata takwas kana barci da ido ɗaya saboda jaka, kana cin abin da ya samu a lokacin da ya samu, kana lissafin boda da canjin kuɗi, yau sidi, gobe sefa, jibi dalasi. Jiki yana daure wannan muddin ana tafiya, sai an tsaya yake kawo takardar bashi. Wanda ya sauko daga babbar mota bayan doguwar tafiya, in ya taka ƙasa sai ya ji ita ma tana tafiya. Ba ƙasar ce ke motsi ba, jikinsa ne bai gama yarda an iso ba. Rashin barcinka da saurin fushi, kaso mai yawa daga nan suke.

Masu nazarin halayyar al'umma ma sun san wannan. Wani masani ɗan Kanada, Kalervo Oberg, ya yi rubutu a 1960 kan ruɗewar da ke samun wanda ya koma baƙuwar ƙasa. Ya ce da farko komai burge shi yake, sai a shiga lokacin ƙunci da ganin laifin komai, sannan a fara farfaɗowa, daga baya a saba. Ban yarda kowa na bin wannan tsani daki-daki ba, na ga waɗanda suka tsallake wani mataki da waɗanda suka koma baya. Amma abu ɗaya a ciki ya dace da kai: ɗan yawon ƙasashe yana barin kowane gari tun yana matakin farko, tun komai na da daɗi. Legas ce gari na farko da ka daɗe har ka shiga mataki na biyu. Da Dakar ka yi wa mako bakwai kana tsaron shago, da ita kake kawo min ƙara yau.

Rabon Ikko a cikin laifin

Ba zan wanke garin ba. Ikko tana da wuya, ko ga wanda aka haifa a cikinta. Ƙarar janareta ba ta barin dare ya zama dare, gosulo na cinye wa mutum sa'o'in da zai huta, in damina ta kankama wajen Yuni wasu unguwanni sai an naɗe wando. Ga magana da ƙarfi. Ku mutanen Kumasi kun saba da lallami da doguwar gaisuwa, nan kuwa kwandastan danfo zai daka maka tsawa kamar kun shekara da gaba, bayan minti ɗaya ya riƙe maka hannu ka sauka. Ka lura da abin da suke yi in canji ya yanke: kai kana bin sa ɗari biyu, wata mata na bin sa ɗari uku, sai ya miƙa muku ɗari biyar guda a bakin titi ya ce ku je ku raba, mota ta ja. Ga ka tsaye da matar da ba ka taɓa gani ba, kuna neman mai ruwan leda ya fasa muku kuɗi. Sabon zuwa yana ɗaukar wannan wulaƙanci, ya kai shi gida ya kwana da shi. Ɗan gari ya san ba da shi ake ba, haka motar ke tafiya. Rabin gajiyar baƙo a Legas daga ɗaukar kowace tsawa a matsayin tasa take zuwa.

Amma abin da na fi jin zafinsa a wasiƙarka shi ne cewa ga Hausawa ko'ina, kana jin ba ka cikinsu. A Banjul ba ka sa ran kowa ya san ka, don haka rashin sanin bai dame ka ba. Nan ka zo da tsammanin gida. Sai ka buɗe baki aka ji Hausar Zango, wani ya yi murmushi, wani ya gyara maka, aka laƙaba maka ɗan Gana. Ka fita titi, Bayarabe ya kira ka aboki ko malam, ya haɗa ka da mutanen Arewa, su kuma mutanen Arewan ba su gama karɓarka ba. Kusa da gida amma ba gida ba ya fi nesa ciwo, na sani.

Ka san wannan dai: Hausawan Ikko ba dunƙule ɗaya ba ne. Na Mile 12 harkarsu tumatir da albasa da tattasai, na Oko-Oba shanu da fawa, ga na Idi-Araba, ga na Obalende. A cikinsu akwai Kanawa, Sakkwatawa, Katsinawa, mutanen Maraɗi da Damagaram, har da Zabarmawa da Barebari da Hausa ta haɗa su. Kowannensu an taɓa yi wa Hausarsa dariya. Sannan Zangon Agege da Zangon Kumasi abu ɗaya ya kafa su, goro. Kakanninmu sun yi ta bin hanyar Gwanja da jakuna suna ɗauko shi, da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano wajen 1912 sai cinikin ya ƙara karkatowa nan, Agege ta cika da masu saye da ɗaurin goro. Waɗancan fatake ba su taɓa sauka gari haka kawai ba. Kowa yana da mai gida, wanda zai ba shi masauki, ya tsaya masa a ciniki, ya ce na san shi in magana ta taso. Tsarin yana nan bai mutu ba. Ba a shiga jama'ar zango da jin Hausa kaɗai, ana shiga ne ta hannun wani. Ka ce wa ɗan kawunka ya kai ka ka gai da dattawan layinku da limamin masallacinku, ya faɗi ɗan wane ne kai a Kumasi. In da hali a kai ka fadar Sarkin Hausawan Agege ka yi gaisuwa. Za ka yi mamakin yawan waɗanda za su ce suna da 'yan'uwa a Kumasi ko Nima ta Akra.

Takardu, tun kafin su zama damuwa

Wannan ba ya jira sai ka sake. Gana da Najeriya duk suna cikin ECOWAS, ƙungiyar da aka kafa a nan Legas a 1975, kuma yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ƙasarta ba biza har kwana 90. Kai ka ci kusan 50. Wanda zai wuce haka, balle mai aiki, ana so ya nemi katin zama na 'yan ECOWAS a hukumar shige da fice. Suna da ofis a Alagbon, Ikoyi. Ka duba fasfonka ka tabbata an buga maka hatimin shigowa a Seme, ka je da ƙafarka tare da ɗan kawunka, kada ka ba wani ɗan kan hanya fasfo da kuɗi ya ce zai yi maka. Da katin zama ne za ka nemi lambar shaida ta ƙasa, wato NIN, a matsayinka na baƙo mazauni, ita ake nema wajen rajistar layin waya, banki kuma zai nemi tasa lambar tantancewa, wato BVN.

Za a samu mai ce maka ai kai Bahaushe ne, ka ce daga Kano kake a yi maka komai a wuce wurin. Kada ka yarda. Ƙarya ce a takardar hukuma, laifi ne, kuma ranar da ta tashi kamawa ba mai ba da shawarar za ta kama ba. Mu da muka ga 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takarda, 'yan Gana suka yi ta tururuwa zuwa boda da kayansu a ka, ba ma wasa da wannan. Iyayenmu kuma sun ga irinta a Gana a 1969. Ba ina tsorata ka ba ne, zamani ya sauya. Amma mutumin da takardarsa ba ta cika ba, ko shingen 'yan sanda ya hango gabansa faɗuwa yake, kuma mai wannan fargaba ba ya taɓa sakewa a gari.

Abin da nake sa baƙina su yi

Na farko, ka yanka wa kanka wa'adi, ka faɗa wa wani. Ni wata huɗu nake ba da shawara daga yau, wanda ya fi haka ma ya fi. A cikin wa'adin babu duba kuɗin mota, babu tambayar kai ko in tafi. Ranar da ya cika ka zauna ka yanke hukunci. Amfanin wannan shi ne yana sauke maka shari'ar da kake yi da kanka kowace safiya, wadda ita kaɗai ta isa ta hana mutum barci.

Sannan ka kwance jakar yau, ba gobe ba. Wani yaro ɗan Yamai da ya sauka wurina ya yi makonni yana zaro riga ɗaya daga jaka, ya wanke, ya shanya, ya ninke ya mayar, ya ja zif. Burushinsa ma a aljihun jakar yake kwana. Na sa aka buga masa ƙusa uku a bango, na ba shi kwali ya zuba sauran, na karɓi jakar na ɗora kan silin. Ya ji haushina a ranar. Amma daga baya da kansa ya sayo madubi da 'yar darduma, ya fara cewa ɗakina maimakon masauki. Hannu yakan riga zuciya zama, sai ita ta biyo baya.

Abin da ya fi waɗannan duka shi ne maimaici, kuma shi ne ya fi yi wa ɗan yawo wuya, domin hanya ta saba masa da sabo kullum. Ka zaɓi mai shayi ɗaya, ka riƙa zuwa wurinsa bayan asuba, benci ɗaya, lokaci ɗaya. Makon farko zai tambaye ka me za a haɗa. Mako na biyu yana hango ka zai fasa ƙwai biyu, ya yanko burodin Agege, ya san ba ka son sukari da yawa. Wata rana za ka makara, ya ce jiya lafiya ban gan ka ba? Wannan tambayar ita kake nema a Legas, kuma ba a samun ta sai an koma wuri ɗaya har an gaji da ganin mutum. Haka masallaci: sahu ɗaya, gefe ɗaya. Haka mai aski, mai wanki, mai POS. Mutum biyar da suka san fuskarka a layinku sun fi maka abokai ɗari biyar da ka tara a WhatsApp daga Abijan zuwa Banjul. Su waɗancan ka rage hira da su da daddare. Hotunan da suke turowa daga bakin ruwa suna sa ka auna ranar aikinka da ranar hutun wani.

Ka daina juya naira zuwa sidi a ka. Duk mai wannan lissafi ko dai ya ga komai da tsada ya ƙuntata wa kansa, ko ya ga araha ya yi ɓarna. Ka auna farashi da abin da kake samu a nan. Wannan ya kawo ni kan maganar da ba ka yi ba amma nake zargin tana ciki: kun yi magana da ɗan kawunka a kan matsayinka a shagon? Albashi ne, koyon sana'a ne da za a sallame ka, ko taimako ne kawai? Zumunci yana sa mu jin kunyar wannan tambaya, sai abin ya yi ta ruruwa a ciki, ya fito a matsayin fushi da kwandasta. Ka same shi cikin ladabi, in da nauyi ka sa wani babba a tsakani. Wanda bai san me yake tarawa ba, dole zamansa ya yi masa kama da ɓata lokaci.

Yarbanci kuma, ko gaisuwa ce ka koya. Ka ce wa dattijuwar da ke sayar da wake a bakin layi e kaaro ma, wato ina kwana, ka ɗan rusuna, ka ga yadda fuskarta za ta sauya. Yarbawa mutane ne masu girmama gaisuwa kamar mu, hayaniyar titi ce ke rufe wannan. Turancin buroka kuwa kana da shi tun daga Gana, kunne kawai za ka gyara.

Game da zirga-zirga, kana da sa'ar da mu ba mu samu ba. Jirgin ƙasa na jan layi da ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024 yana tashi daga Agbado zuwa Oyingbo, kuma daga tashar Agege ta gaba ita ce Ikeja. Ka sayi katin Cowry, da shi ake shiga jirgin da motocin BRT, ka tambayi lokutan tashinsa. Acaɓa an hana ta a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi tun Yunin 2022, kuma hukuncin yana hawa kan fasinja ma, kada ka hau don sauri. Da asuba ko da dare ka shiga mota a tasha, kada ka tsayar da wadda ba ka sani ba a bakin titi, saboda ɓarayin da ake kira wan-cans. Ka ajiye 112 da 767 a wayarka, lambobin agajin gaggawa ne na jihar.

Ban ce ka kashe ɗan yawon da ke cikinka ba. Ka ba shi rana ɗaya a mako. Ka je Badagiri ka ga gidajen tarihin cinikin bayi, ka hau jirgin ruwa daga Ikorodu, ka ratsa gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12 ka ga Makoko a kan ruwa, ka shiga Balogun ka ɓace ka fito, ka yi Juma'a a babban masallacin cikin Ikko. Garin nan ya ishi mai jakar goyo yawon shekara. Bambancin kawai, da yamma ɗakinka za ka koma.

In zama ya miƙe har ka fara neman ɗakin kanka, ka sani a nan kuɗin shekara ake nema gaba ɗaya, ga na ejan, ga na yarjejeniya, ga na ajiya. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni, Agege na ciki. Kada ka biya ko sisi sai ka ga ɗakin da idonka, ka ga mai gidan, an ba ka rasit.

Inda nawa ya tsaya

Ni mai masauki ne, ba likita ba, kuma daga wasiƙa nake maka magana. Abu biyu na likita ne. Na ɗaya, bayan wata takwas na ruwan hanya da sauron ƙasa-ƙasa, ka je asibiti a duba jininka: zazzaɓin cizon sauro, taifot, ƙarancin jini. Na ga wanda aka yi ta yi wa nasihar haƙuri alhali maleriya ce ke cin sa a hankali. Kada ka tsaya a kemis a haɗa maka ƙwayoyi ba gwaji. Na biyu, in ka kai mako biyu ko fiye kullum cikin baƙin ciki, abin da kake so da ya daina yi maka daɗi, abinci ya fita ranka, ko tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, wannan ya wuce gajiyar hanya. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba, akwai asibitin koyarwa a Idi-Araba, zuwa can ba hauka ba ne kuma ba raunin imani ba ne. Ka yi addu'a, ka kuma je. Sannan ina roƙonka, duk wanda ya miƙo maka tiramol ko maganin tari mai kodin ya ce zai sa ka barci ko ya cire maka gajiya, ka guje shi. Yaran kirki da yawa a garin nan ta wannan ƙofa suka lalace, kuma daga rashin barci suka fara.

In wa'adi ya cika ka ga tafiya ce

Tana iya yiwuwa. Ba kowa Ikko ke karɓa ba, kuma barinta ba faɗuwa ba ce. In ka cika wa'adinka, ka kwance kaya, ka yi mutane, ka gyara takarda, lafiyarka ƙalau, amma lissafi ya nuna abin da kake samu ba ya wuce mota da abinci, ko zama da ɗan kawunka zai ɓata zumunci, to ka tafi da hujja. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: akwai abin da zan je yi a Duwala, ko Legas kawai nake gudu? In akwai aiki ko karatu ko wani da ke jiranka, Allah Ya ba da sa'a. In babu, mako na bakwai yana can yana jiranka, da Faransanci a kai, kuma Kamaru ba ta cikin ECOWAS, don haka sai ka binciki sharuɗɗan shigarta tun daga nan.

A irin wannan hali ni Kumasi zan ce ka fara komawa. Hadisin da na kawo maka ɗazu ya ƙare da cewa in mutum ya biya buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa, kai kuma ka kusa shekara rabonka da gida. Boda uku ce tsakaninka da su, Seme, Hilakonji da Aflawo, mota na tashi kullum daga Mile 2 da Jibowu. Ko zama za ka yi a nan, ka nemi izinin mako ɗaya wajen salla ka je ka ga mahaifiyarka ka dawo. Kafin nan ka kira ta ka gaya mata gaskiyar halin da kake ciki, ba lafiya lau kawai ba. In kuma tafiyar ce gaba ɗaya, ka sanar da ɗan kawunka da wata guda, ku yi lissafin shago a gaban shaida, ka bi dattawan da aka kai ka wurinsu ɗaya bayan ɗaya ka yi musu bankwana.